Humrar Iya

A unguwar Hajj Yusuf, a shekarun da kasuwar Omdurman take nan da ranta, kafin yaƙi ya watsa mutane, ba a cewa an gama dakan turaren amarya sai Hajja Rahmatu ta sa hanci. Mata sukan cika tsakar gida, wannan da turmi, waccan da rariya, a daka sandal da mahlab da kanumfari, a soya farcen turare, a turara kwaɓin a kan hayaƙin itacen ɗalha, ana waƙa ana guɗa. Amma da an zo haɗa humra sai kowa ta ja baya a miƙa wa Rahmatu kwano. Takan shaƙa sau ɗaya, ta karkata kai, ta ce a ƙara kaza. Da an ƙara kuwa magana ta ƙare. Har Larabawan unguwa, waɗanda suka gaji humra tun kakanni, sukan aiko raksha, wato a-daidaita-sahu, ta ɗauke ta.

Abin da mata ba su sani ba shi ne hancin nan ya daɗe da mutuwa. A hankali ya tafi, ba sallama. Ƙanshin jabana ne ya fara ɓacewa, gahawar nan da take soya wa mijinta Salih kowace safiya, daga baya albasa ta bi, har wata rana ta wuce ta gaban masu gasa naman agashe ta ga hayaƙi yana tashi kamar a hoto. Ba ta faɗa wa kowa ba. Rahmatu mace ce mai ji da kanta, kuma gaskiya tana da dalili. Ta ci gaba da aiki da ido da ma'aunin tafin hannu, tana karkata kai kamar da, amare suna ta godiya.

Bayan wasu shekaru hannun hagu ya soma rawa. Wannan kam ba ya ɓoyuwa a cikin mayafi. 'Yarta Fadila ta kai ta asibiti, aka ce ciwon karkarwa ne, wanda likitoci ke kira Parkinson. Aka kuma yi musu kwatancen wata ƙungiya da wasu likitoci da 'yan sa-kai suka kafa a unguwar Soba, inda masu ciwon ke haɗuwa ranar Alhamis a wani ɗaki na aro. Ana raba magani idan an samu, ana motsa jiki, ana kuma binciken ciwon.

"Wato in je in zauna da masu karkarwa mu dinga zubar da shayi tare?" in ji Rahmatu.

Fadila ta ce wa uwar, "Yumma, ki je sau ɗaya bas. In bai miki ba, kalas, shi ke nan."

Ta je, kuma abin haushin shi ne ya yi mata. Shayin ma rabin kofi ake zubawa, ba mai kallon hannun wani. Ƙa'idar wurin ita ce kowa ya zo da wanda suke zaune tare, domin a cewar Daktora Suhaila, matashiyar likitar da ke kula da su, ciwon nan mutum biyu yake kamawa. Fadila tana aiki, saboda haka Salih ne ya zama ɗan rakiya. Tsoho ne dogo marar magana, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injuna a unguwar Alshajara. Yakan zauna a bakin ƙofa da carbinsa har a tashi.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Safa, 'yar Fadila, sai barci ya ƙaurace wa Rahmatu.

Dalilin wata kwalba ce a ƙasan akwatinta, naɗe da tsohon ɗankwali. Humrar Iya ce, mahaifiyarta. Iya ta yi rayuwarta tana tsinkar auduga a gonakin Jazira, kuma da yake sandal ya fi ƙarfinta, sai ta riƙa tono kajiji a bakin magudanan ruwa tana cike gibin da shi. Abin da talauci ya haɗa ya zama ƙanshin gidansu. Da shi aka kai Rahmatu ɗakinta, da shi aka kai Fadila. Kowane aure sai a haɗa sabo, a yi ta gwada shi da na kwalbar har su zama ɗaya, sannan a ɗiga tsohon a cikin sabon, a mayar wa kwalba kaɗan. Wannan ba aikin tafin hannu ba ne, domin kajijin bana ba ƙarfinsu ɗaya da na bara ba, farce ma kowane da halinsa. Hanci ne kawai alƙali. Fadila kuwa turaren kanti ta sani, ko turmi ba ta iya riƙewa da kyau ba.

Wata rana bayan la'asar Rahmatu ta rufe ƙofa ta buɗe kwalbar. Ɗan abin da ya rage ya yi duhu a ƙasa. Ta kai hanci ta ja numfashi har ƙirjinta ya yi zafi. Ba komai. Ta tuna Iya zaune a kan angarib, gadon igiyar nan, tana shafa mata humra a wuya tana cewa ta daina motsi. Ta tuna fuskar, ta tuna muryar, amma ƙanshin ya ƙi zuwa. Ta yi kuka sosai, domin ji ta yi an sake yi mata rasuwar uwa.

Ranar Alhamis Daktora Suhaila ta zo da tire cike da ƙananan kwalabe, kowace an naɗe ta da baƙin ƙyalle. Ta yi bayani cewa suna bincike ne a kan jin ƙanshi, domin a wajen mutane da yawa hanci yakan tafi shekaru kafin hannu ya fara rawa. Idan aka gane haka da wuri, wataƙila 'ya'ya da jikoki su samu taimako tun ciwon bai kama su da ƙarfi ba. Masu ciwon za su shaƙa, 'yan rakiya ma su shaƙa don a kwatanta.

Wata mata daga unguwarsu ta yi dariya ta ce, "Ai Hajja Rahmatu za ta cinye mu duka."

Da a ce ana ganin ruwan da ke ciki, da Rahmatu ta fita kunya, don ta san man kanumfari da launinsa, ta san sandal da kaurinsa. Amma baƙin ƙyallen nan ya gama da ita. Ta shaƙa ta farko, ta karkata kai saboda sabo, ba ta ji komai ba. Ta biyu ma haka.

"Mura nake yi, ya Daktora."

"Malesh, ba komai, ya Hajja," in ji likitar a hankali, yadda ba mai ji sai su biyu. "In ba ki ji komai ba, ki ce ba ki ji ba. Wannan amsar ita muka fi buƙata."

Rahmatu ta dubi kwalaben, ta tuna Safa, ta ce ba ta ji ba. Sau nawa aka miƙo, sau nawa ta faɗa, kuma kowane faɗi sai da ya yi mata ciwo.

Sai aka kira Salih. Ya aje carbi, ya karɓi kwalba da hannayen nan da baƙin mai bai gama fita daga faratansu ba. "Kanumfari," ya ce. "Wannan lemun tsami. Wannan jabana ce, an bar ta ta sha iska." Da ya zo kan wata sai ya ɗan yamutsa fuska. "Mahlab ne, lakin tsoho. Ummu Fadila ba za ta saye shi ba." Ɗakin ya fashe da dariya. Rahmatu ba ta yi dariya ba, kallonsa kawai take yi kamar yau aka kawo mata shi.

A cikin hafla, ƙaramar motar hayar da ke mayar da su gida, sai da suka hau gada tukuna ta yi magana.

"Abu Fadila, ka ji abin da na ce wa Daktora?"

"Ban ji ba. Amma na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika ƙona jabana kika sha kika ce ta yi tamam." Ya dubi kogi ta taga. "Kin zaci haka kawai na koma zama a bakin murhu da safe? Ni da wuta da zafin nan?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. Ta so ta yi masa faɗa don ya bar ta tana ta wasan kwaikwayo shekara da shekaru, amma sai ta juya ita ma ta dubi kogin.

Ranar dakan turare gidan ya cika. An sayo komai a Omdurman, kajiji kuma wani ɗan'uwa ya aiko daga Jazira. Aka daka, aka tankaɗe, aka turara, Safa tana zaune a gefe cikin ƙawayenta da lalle a hannu. Da aka zo haɗawa mata suka ja baya kamar kullum, aka aje kwano a gaban Rahmatu, kwalbar Iya a kusa da shi. Hannunta na hagu yana ta rawa a kan cinya.

Ba ta ɗauki kwanon ba. Ta ce, "Fadila, kira min babanki."

Waƙa ta tsaya cak. Namiji a wurin dakan turare! Wata tsohuwa ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa gani ba. Rahmatu ta ce to yau ta gani.

"Hancina ya tafi, ya jama'a," ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Ciwon ne ya fara da shi. Amma akwai wanda ya kwana ya tashi da humrar nan tun kafin a haifi rabinku."

Salih ya shigo yana sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tsuguna a gabanta. Ta miƙa masa kwalba ya shaƙa, ta nuna masa kwano ya shaƙa.

"Da saura," ya ce. "Wannan na masu kuɗi ne. Na Iya ya fi jin ƙasa."

Rahmatu ta gane nan take, ta sa aka ƙara kajiji. Ya ce yanzu kuma ya yi kaifi, ta ce a kwantar da shi da sandal. Ya ce akwai wani abu can baya mai kama da hayaƙi, ta ce a mayar da kwaɓin kan ɗalha. Shi bai san sunan gyara ba, ita ba ta jin ƙanshi, suka yi ta yi suna musu kamar yadda suka saba musu a kan gishirin miya. Matan da suka tsuke baki ɗazu suka matso suna leƙe.

Can aka sake miƙa masa. Ya shaƙa, ya rufe ido, ya sake shaƙa. Fadila ta matso ta ce, "Yaba?"

"Shi ne," ya ce, muryarsa ta canza.

Guɗa ta tashi. Rahmatu ta sa Safa ta matso ta shaƙa kwalba ta shaƙa kwano. "Ki riƙe shi da kyau," ta ce mata.

"Na riƙe, Habboba," Safa ta amsa wa kakarta.

Sannan ta ɗauki kwalbar don ta ɗiga tsohon a cikin sabon, amma hannun ya ƙi tsayawa. Salih ya ɗora nasa a kai, suka ɗiga tare. Cikin hayaniyar guɗa ta matso kusa da kunnensa.

"Abu Fadila, faɗa min yadda yake. Na manta."

Ya ce, "Kin tuna ranar da aka sauke ki daga lori a ƙofar gidanmu, kin sha ƙurar hanya tun daga Jazira, kina kuka kina cewa a mayar da ke wurin Iya?"

"Na tuna."

"Na matso don in karɓi akwatinki, sai iska ta ɗaga mayafinki. Haka yake, Rahmatu. Bai canza ba."

Rabon da ya kira sunanta tun kafin a haifi Fadila. Ta dangwali sabuwar humrar da yatsa mai rawa, ta shafa a wuyanta, ta karkata kai wajensa don ya shaƙa.