Ranar da Inna Ta Kira Sunansa

A shekarar da gero ya ƙone a tsaye, gyaɗa kuma ta ƙi yin ko ƙwaya, abu ɗaya ne ya rage yana ɗebe wa mazan ƙauyen su Khalilu kewa, can gabas da Zakirai, wato rediyon Muhammadu Sani tela. Batiran ma sun gaji, sai an shanya su a rana tun hantsi kafin su yarda su yi magana. Duk Alhamis bayan la'asar sai a taru a gindin ɗorawa, ciki ba komai sai ganyen tafasa, ana sauraron wani wasan kwaikwayo.

Wasan kuwa, kai, Allah ya kiyaye! Wai a birnin Landan na zamanin da ne, lokacin keken doki da fitilun kan titi da ake bi ana kunnawa da sanda. Wani tsohon ɗan sandan ciki da abokin aikinsa suna farautar wasu halittu da suka sauko daga taurari. Halittun nan ba su da kama tasu. Sai su shiga gida su halaka mutum, su ɗauki fuskarsa da muryarsa har da irin tarinsa, su zauna cikin iyalinsa ba wanda ya sani. A wata Alhamis ɗin tsohon ya rage murya ya ce wa abokinsa, "Sun iya duk abin da mutum yake yi. Abin da ba su sani ba shi ne abin da mutum ba ya yi." Aka saki wani kiɗa mai tsinka hanji, batir ya mutu.

Khalilu ya yi dariya tare da kowa, ya ce ƙaryar Turawa ce, ya kaɗe wando ya nufi gida.

To, Khalilu ɗan fari ne. Tun da Inna Sauda ta haife shi, ga shi yau magidanci har da 'ya'ya, ba ta taɓa kama sunansa ba. In tana son magana da shi sai ta ce wa matarsa, "Mairo, ki ce wa mutumin nan rufin ɗaki yana yoyo," alhali yana tsaye a gabanta. In ya durƙusa gaisuwa sai ta kau da kai wajen bango ta amsa wa bangon. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kowa ya san haka, shi ma da ita ya tashi.

Yana sa ƙafa a tsakar gida ya ji an ce, "Khalilu."

Muryar Inna ce, daga ɗakinta. Ya tsaya cak. Ya waiga ko Mairo ce take masa shaƙiyanci, ya gan ta can bakin murhu, ita ma baki sake, muciya a hannu.

"Khalilu, zo mana."

Wallahi bai je ba. Maganar tsohon nan na rediyo ta dawo masa kamar yanzu ake faɗarta. Ya ja da baya ya fice, ya je masallaci ya zauna har aka yi magariba.

Kada ka yi masa dariya. Shekarar nan abubuwa da yawa sun sauya kama. Mutanen kirki sun koma satar rogo, wanda ka sani da ƙiba ka gamu da shi a hanya ka kasa gane shi sai ya yi sallama. In mutum yana kwana da yunwa, abin da zai yi wa dariya da ƙoshi sai ya zauna masa a zuciya daram.

Washegari ta sake kira, jibi ma haka. Khalilu ya daina shiga gaisuwa, daga bakin ƙofa yake jefa sallama ya wuce yana karanta ayatul kursiyyu. Da ya ga 'ya'yansa sun fito daga ɗakin Inna suna lashe hannu, tsoro ya kama shi har wuya. Ya kafa doka, kada yaro ya ƙara taka ɗakin Inna. Mairo ta tambayi dalili, ya daka mata tsawa.

Daga ranar akushin da ake kai wa Inna ya fara dawowa yadda aka kai shi. Ɗan tuwon dusar nan, ko gefensa ba a gutsura ba. Alhamis ta zagayo, ya je gindin ɗorawa don ya ji ƙarshen abin, sai ga tsohon ɗan sandan yana nuna wa abokinsa farantin wata mata da ake zargi. "Duba," in ji shi, "ba sa cin abincin mutane."

Khalilu bai tsaya an gama ba. Ya iso gida, ya ja Mairo bayan rumbu, ya faɗa mata komai cikin raɗa, ya ce waccan ta ɗaki ba Inna ba ce.

Mairo ta dube shi sama da ƙasa. "Innalillahi! Malam, wasan rediyo? Ai da can ma ba ita take ci ba! Yaran nan take ba wa, tun kaka ta wuce. Ta rantsar da ni kada in faɗa maka. Ka hana su shiga, ta ce a mayar musu da akushin." Hawaye ya zubo mata. "Yaushe rabon da ka ga ƙafafunta? Sun kumbura suntum. Ko tashi ba ta iya yi."

Sai wani tsoron ya kori na farko, kuma wannan ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Ya ɗaga labule ya shiga. Tana kwance a kan tabarma, ta ƙanƙance, zanenta ya yi mata yawa. Ya durƙusa nesa da ita yadda ya saba, kansa a ƙasa.

"Ka zo," in ji ta. "Na yi ta kira."

"Inna, ki yafe mini. Bari in sa a dama miki kunu, ko ruwa-ruwa ne ki daure ki sha."

"Ba ya wucewa yanzu. Bar shi." Ta numfasa. "Ka ji na kama sunanka ka tsorata, ko? Lokaci ne ya ƙure, ban ga wanda zan ci gaba da jin kunyarsa ba. Matso nan wajen haske."

Ya matsa da gwiwoyinsa. Ta ɗago hannu da ƙyar ta kama haɓarsa, ta juyo da fuskarsa wajen ƙofa. Ta daɗe tana kallonsa, daga goshi har gemu, shi kuma yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Allah sarki, Khalilu," in ji ta. "Ashe har ka yi furfura."