Bishiyar Zumar Verlon

Ranar Lahadin da Otha Maddox ya shigo coci fuska a kumbure, ido ɗaya a rufe, ita ce ranar da surukinsa Verlon Stroud ya hana shi cin abinci a gidansa.

A wajenmu, can ƙasan Arkansas, duk wanda ya fara ganin bishiyar da ƙudan zuma suka shiga a fadama, sai ya zaro wuƙa ya yanka alamarsa a ɓawonta. Ko filin wa ye, zumar ta zama tasa, ya jira ƙarshen zafi ya je ya ɗiba. Mutum ya saci kaza za a manta, amma wanda ya fasa bishiya mai alama, har jikokinsa sai sun ji labari. Verlon yana da irin wannan bishiya, ya daɗe yana yi mana alfahari da ita. Ran Asabar ya je ya tarar an yage ta, an kwashe saƙar. Ran Lahadi ga Otha da fuska kamar kabewa.

Otha ya ce rina ce ta harbe shi a rumfar kayan aikinsa. Da aka tambaye shi to wa ya fasa bishiyar, sai ya ce Mai Wari ne.

Da wani zai faɗa wa haka, da sauƙi. Verlon dattijon coci ne, kuma ya shafe rabin rayuwarsa yana dariyar duk wanda ya ce ya ga wani dogon abu mai gashi yana tafiya da ƙafa biyu a fadama. A wurinsa Mai Wari a gindin kwalbar giya yake zaune. Shi kuwa Otha gwauro ne, tun rasuwar matarsa ba ya samun abinci mai zafi sai ran Lahadi a gidan yayarsa Maybelle, matar Verlon. Yanzu ya rasa kujerar, kuma idan ya shigo kantin Ledbetter sai mazan da ke benci su fara kukan ƙudan zuma ta hanci.

Maybelle ce ta same ni. Ba don hikimata ba, ba wanda ya taɓa zargina da ita. Kwalekwalena ne kawai ke ɗaukar mutum uku ba tare da ya sha ruwa sosai ba.

"Hollis, ka kai su su duba bishiyar nan tare," in ji ta. "In ɗaya ya tura ɗaya ruwa, ka dawo mini da wanda ya rage."

Da safe muka fita. Verlon a gaba, Otha a tsakiya ya ba shi fuska, ni a baya da injin.

"Ka zauna da kyau, suruki," in ji Verlon, "kar nauyin zumar ya kifar da mu."

"Allah ya ba ka haƙuri, dattijo. Kai da ko sandar kamun kifi ba ka ara wa mutum, wa zai ci kayanka ya narke masa?"

"Ina abokin naka mai gashi? Ko shi ya riƙe maka tsani?"

"In ka gan shi ka tambaye shi."

Bishiyar tana tsaye a wani tudun laka. Kogon yana sama, inda ko Verlon da tsawonsa sai ya hau wani abu. Ba sarar gatari, ba yankan zarto. An kama bakin kogon ne an ɓantare, tsagin ya sauko har kusa da alamar Verlon. Otha ya nuna wasu ramuka a laka ya ce sawu ne. Verlon ya ce nan Otha ya kafa tsani. Suka juyo gare ni. Na duba, na ce lallai ramuka ne. Duka biyun suka yi tsaki.

Muna kan hanyar dawowa ciyawa ta naɗe farfelar injin. Na kashe shi, na cire tabarau na sa a aljihu, na sunkuya ina warwarewa. Otha bai daina magana ba, yana lissafa wa Verlon duk kwanon rufin da ya taɓa taya shi bugawa.

Sai warin ya zo. Kamar jiƙaƙƙen kare da ruɓaɓɓen ƙwai, amma ya fi nauyi, har a harshe kana jinsa. Kwaɗi suka yi shiru. Na ɗago. Ba tabarau, duk abin da ya wuce bakin kwalekwalen hazo ne, sai na ga wani baƙin abu tsakanin kututture biyu, wanda zai iya zama kututture na uku. Amma fuskar Verlon tana kusa, ita na gani da kyau. Yana kallon bayan kafaɗar Otha, baki buɗe, jinin fuskarsa ya tsere. Idanunsa suka tafi a hankali daga hagu zuwa dama, suna bin wani abu, kuma sama suke kallo. Ruwa ya yi ƙara, wani reshe ya karye.

Otha ya waiga, bai ga komai ba sai ganye na rawa.

"Me ka gani, Verlon?"

"Tada injin, Hollis."

"Na ce me ka gani?"

"Hollis, don Allah tada injin nan."

A shekarun da na san shi, ban taɓa jin ya haɗa ni da Allah ba.

Muka sauka a gaban kantin Ledbetter, benci cike. Tsoho Cleatus, wanda Verlon ya fi kowa yi wa dariya tun da ya ce ya ga Mai Wari yana tsallaka hanyar jirgin ƙasa, ya ajiye kofinsa.

"To, alƙalai, an kama ɓarawon?"

Verlon ya tsaya ya cire hula, ya dubi Cleatus, ya dubi benci daga wannan kai zuwa wancan. Na ga maganar ta hau har maƙogwaronsa. Otha yana gefensa yana jira da idonsa ɗaya mai aiki.

"'Yan'uwa," in ji Verlon da muryar da yake addu'a da ita, "na yi tunani. Zuma ba ta kai zumunci ba. Na yafe wa Otha. Ran Lahadi kujerarsa tana nan."

Wani ya ce amin. Wani ya ce kai, dattijo ke nan.

"Me ka yafe?" in ji Otha. "Ni ban ɗauka ba, balle a yafe mini. Faɗa musu abin da ka gani."

"Ban ga komai ba sai ikon Allah."

"Hollis, kai fa?"

Duk suka juyo. Na ce na ji wari, na ji reshe ya karye, kuma tabarauna yana aljihu.

"Wari!" in ji Cleatus. "Maza uku a kwalekwale da zafin nan, ai dole."

Benci ya fashe da dariya, wani ya sake kukan ƙudan zuma. Otha ya tsaya har suka gama. Sannan ya dubi surukinsa.

"Ka riƙe kujerarka, dattijo. Ka gaida mini Yaya."

Ya hau akori-kurarsa ya tafi. Verlon ya mayar da hula, ya shiga kanti ya sayi gishiri, ya fito ba shi a hannu. Cleatus ya matsa ya ba shi wuri a benci, bai zauna ba.

Bai sake shiga fadama ba. Kafin kaka ya sayar da kwalekwalensa ya ce gwiwa ke damunsa. Otha kuma ya koyi soya tarwaɗa da kansa, ya koma wata coci a ƙetaren kogi, inda nan ma labarin zumar ya riga shi isa.