Ba A Taɓa Sojan Desmond

Trevor ya tura ƙofar kicin da kafaɗa, akwatin sojojinsa a hannu ɗaya, laima mai ɗiga a ɗayan. Bai ko gama goge takalmi ba Maureen, matar wansa Desmond, ta tare shi da murya ƙasa-ƙasa.

"Ya ce a fasa."

"A fasa me?"

"Tafiyar gobe mana. Tun safe yake nanata mini, kamar ni na shirya ta."

Trevor ya ajiye akwatin a hankali. Tun cikin bazara ya kama musu tebur, shi da Desmond, a babban zauren wasan yaƙi na birnin Nottingham, teburin nan mai kogi da gada da rusasshen gari, wanda sai mutum ya yi watanni yana jira. Tun suna samari suke wannan harka, su jera 'yan sojojin dalma masu tsawon gaɓar yatsa, su auna tafiyarsu da tef, su watsa ƙwayoyin ludo a ga wanda zai faɗi. Amma tun da likita ya ba rawar hannun Desmond suna, Desmond ya daina zuwa kulob ɗin da suke wasan duk ranar Laraba, ya daina zuwa ko'ina. Trevor ya sani sarai, in gobe ta wuce wansa yana gida, to ya shiga ke nan ba fita.

"Sababbin maharban nan nasa ne," in ji Maureen tana miƙo masa shayi. "Ka san dokar wurin, sojan da ba fenti ba ya hawa tebur. Ya yi musu, amma ya dame su. Ka faki idonsa ka tafi da su ka gyara, ni zan ce ban gani ba."

"In taɓa sojan Des? So kike a fasa Nottingham a tafi jana'izata?"

Ba wasa kawai yake yi ba. A wannan harka ba a taɓa sojan wani sai da izininsa, shi kuwa Desmond bai taɓa ba kowa izini ba. Sau ɗaya Trevor ya yi gangancin ɗaga wani mai mashi, yana saurayi, mashin ya karye. Har sanyin shekarar ya fita wansa bai yi masa magana ba. Tun daga nan in yana kusa da teburin Desmond hannayensa a aljihu suke.

Ya hau bene da akwatinsa. Ƙaramin ɗakin yana warin fenti da gam kamar kullum. A kabad ɗin gilashi rundunar Desmond tana jere, aikin da ake tsayawa kallo a wurin gasa, kowane soja da girarsa da igiyar takalminsa. Mai su yana zaune bakin tebur, ya danne hannunsa na dama ƙarƙashin cinya.

"In ta aiko ka ne, koma."

"Ba wanda ya aiko ni. Shayi aka ba ni, ba sukari, na gudo."

Sababbin maharban suna kan tebur, gaban wani sashen tsohuwar rundunar da Desmond ya fito da shi. Jan rigarsu ya haura har wuya, wani ma fentin baka ya shafe masa rabin fuska. Zuciyar Trevor ta karye da ganinsu, amma bai bari ta nuna ba. Sai ya buɗe akwatinsa ya fito da nasa mutum uku, ya tsayar da su a gefe.

"To, malamin fenti, nuna mini naka a nan."

Desmond ya sauke tabarau ya duba. "Wannan mai ido ɗaya a goshi naka ne."

"Idanu biyu ne. Sun haɗe ne."

"Shekara arba'in, Trev, da lafiyayyen hannu. Kamar da tsintsiya kake yi."

"Ka gani? Kai da ciwo ma ka fi ni. Ni kuma ba a taɓa kora ta daga zaure ba. Dokar ta ce a yi fenti, ba ta ce a yi kyau ba."

Gefen bakin Desmond ya motsa, har Trevor ya ɗauka ya ci nasara. Ya shiga zayyana shirin da sauri kafin abin ya huce. Ya ce jirgin ƙasa na hantsi za su hau, ba cunkoso, tasi ta kai su har bakin ƙofa. Ya ce ya roƙi a ajiye musu kujera mai hannu, Maureen kuma za ta yi musu burodi da cuku. Desmond ya bar shi har ya kai aya.

"Ka gama? To duba nan."

Ya zaro hannun daga ƙarƙashin cinya ya miƙa shi kan sahun gaba, kamar zai matsar da su. Yatsun suka isa lafiya. Suna kama na farko sai hannun ya fizge, sahun ya zube, na baya suka bi su. Mai riƙe da tuta, wanda Desmond ya fi ji da shi duk rundunar, ya gangara ya faɗo kan kafet, ya tsaya daidai takalmin Trevor.

"Ba fenti ba ne," Desmond ya ce, bai ɗaga kai ba. "A can akwai yaran da ni na koya musu riƙe buroshi. Za su zagaye teburin su gaishe ni, in miƙa hannu in rushe gadar mutane, su ce ba komai, Des. Wannan ba komai ɗin ne ba zan iya ji ba."

Trevor ya dubi sojojin da suka zube. Kunya ta kama shi. Ya yi tunanin jirgi, ya yi tunanin kujera, har cuku ya yi tunani, amma bai taɓa tambayar kansa yadda wansa zai yi wasan ba. Ruwan sama yana ta bugun taga. A ƙasa ana jin Maureen tana wanke kofunan da ta riga ta wanke.

Desmond ya sunkuya zai ɗauko mai tutar, bayansa ya ƙi. Ya sake gwadawa, ya koma ya jingina yana haki.

"Tsayawa za ka yi kana kallonsa?"

"Ba ka ce in ɗauka ba."

Desmond ya dubi ƙanensa, dattijo mai furfura, tsaye ƙiƙam da hannaye a aljihu kamar ɗan makarantar da aka tsare. Ya daɗe yana dubansa.

"Ɗauko shi," ya ce. "Ta gindi, ba ta tuta ba."

Trevor ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara. Sojan ya fi yadda ya zata nauyi. Da ya kawo shi kusa da ido sai ya ga ɗinkin da ke bakin tutar, zare-zare, abin da bai taɓa gani ba daga nesan da aka yarda masa.

"Sa shi tsakiyar sahu. Tayar da sauran. A'a, maharba a gaba, su ma sojoji ne. Yanzu ɗauki tef ka kai su bakin kofin can."

"Tsaya. Gobe ni zan riƙa tura maka sojojin da za su kashe nawa?"

"Da ma ai kai kake kashe su, ni taya ka kawai nake yi."

Trevor ya ja tef ɗin ya auna. Ya ɗauki mai tutar zai kai shi gaba, sai ya ga 'yar tutar tana kaɗawa. Ya riƙe numfashi, ya dafe gwiwar hannunsa da ɗaya hannun, duk da haka ba ta daina ba.

Desmond ya leƙo ta saman tabarau.

"Madalla," ya ce. "Hannu huɗu, babu na kirki ko ɗaya." Ya jawo akwatin da ake jera rundunar in za a yi tafiya, ya tura shi gaban Trevor da bayan hannu. "Jera su. In ka karya mini mashi, ba ni ba kai har bazara."