Ranar Kwashe Kemis

...ita ma wannan ƙusar ta ƙi fita. Na murɗa, na murɗa, sukudireban sai zamewa yake yi. Ni na kafa ta da hannuna shekarar da muka buɗe kemis ɗin nan, kina riƙe min da katakon kina cewa ya karkace. Na ce bai karkace ba... To, ya ɗan karkace. Kullum sai kwalaben maganin tari sun gangaro gefe guda. Ban dai taɓa yarda a gabanki ba.

Bari in ɗan zauna.

Rana tsaka ce, amma na sauke ƙofar ƙarfen har ta kusa taɓa ƙasa, na bar ɗan tsagi don haske ya shigo. Ni fa! Ni da na yi wa maƙwabcinmu mai aski tsiya ranar da ya sa ragar ƙarfe a tagarsa. Na ce, maƙwabci, aski za ka yi ko kiwon zaki? Duk layin aka yi ta dariya. Yau ga ni a duhu ina naɗe kwalabe da tsohuwar jarida ina jerawa a kwali. In babur ya wuce sai in tsaya cak, sai ƙararsa ta ɓace sannan in ci gaba...

Kin faɗa. Sau nawa kika faɗa? Baban yara, mu tashi daga unguwar nan. Kin faɗa ranar da aka fizge wa babbar 'yarmu waya a hanyar makaranta, ta dawo gwiwa duk jini. Kin faɗa da aka soki mai shagon kan kwana. Kin faɗa ranar da mai tasi ya sauke ki a bakin titi da kaya niƙi-niƙi, ya ce shi motarsa ba ta shiga can ciki. Ni kuma amsata ɗaya ce, har kin haddace ta: nan kowa ya san ni. Wane yaro ne a layin nan ban tsira wa allura a ɗuwawu ba? Wa zai taɓa Likita?

Likita... ni da ko ƙofar makarantar likitoci ban taɓa tsallakawa ba. Suka kira, suka kira, har sunan ya hau kaina. Aka ce sabo turken wawa. Ni ne wawan, ga turken ina fama da shi da sukudireba.

Wannan kwalin na auduga da bandeji ne. Ina abin rubutun? In rubuta a jikinsa kada su ɗora masa nauyi. Mai motar ɗaukar kayan ya ce zai zo kafin yamma, kuma ya ja min kunne: ba zai kashe inji ba, a loda a wuce.

Kin san abin da ban taɓa lura da shi ba? Ni in zan fita, hula kawai nake sawa. Ke kuwa sai kin cire 'yan kunne. Sai kin tura wayarki cikin riga. Sai kin leƙa ta taga kin ga su waye zaune a kan dakalin bakin lungu. Kin san lungun da ake bi da safe, kin san wanda ba a bi ko da wane lokaci ne. In yara suka fita, kina nan a tsaye bakin ƙofa, hannu a ƙirji, kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na ce tsoron mata ne. Da bakina na faɗa, ina dariya, a gaban mutane... Layi ɗaya muke bi ni da ke, ashe ba unguwa ɗaya muke zaune ba. Tawa unguwar ta "sannu da aiki, Likita" ce. Taki kuwa —

Amma ba ƙarya na yi duka ba. Ko na yi? Kin tuna shekarar ruwan nan da kwata ta cika ta ja autanmu? Su waye suka faɗa ciki da kayansu? Ba yaran dakalin nan ba ne, masu jajayen idanu? Da mahaifiyarki ta rasu, layin nan ya cika har babu wurin taka ƙafa, gida-gida ana aiko da tabarma. Wannan ma gaskiya ne. Da shi nake rufe miki baki... Na riƙe rabin gaskiya ina dukan ki da shi.

Ga tabon jininki nan a ƙasa, kusa da sikeli. Na wanke da omo, na wanke da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, na goge da buroshi har yatsuna suka saɓule. Siminti ya sha. Wanda ya ba ni hayar shagon zai ce na ɓata masa daɓe. Ya ce mana.

Zauna min, yanzu zan dawo. Abin da na ce miki ke nan ranar da abin ya faru. Kaya zan karɓo wurin masu sari, ba nisa. Kika ce to, kika ajiye wankinki a baho kika fito. Da rana, rana ƙiri-ƙiri, yara na dawowa daga makaranta, mai aski na aski, rediyonsa na ta surutu. Ni kuwa can na samu wani tsohon aboki muka tsaya hira. Hirar me ma? Ƙwallo... wallahi ƙwallo.

Su biyu suka shigo. Ɗaya ba a san shi ba. Ɗayan Gajere ne.

Gajere! Yaron da ruwan zafi ya ƙone wa cinya yana rarrafe. Kullum da safe a kawo shi nan, a kan wannan bencin, yana ihu ina wanke masa, ke kina riƙe da hannuwansa kina yi masa wasa, in an gama ki cusa masa alewa a baki. Ƙwayoyin nan suka zo nema, waɗanda ba na bayarwa sai da takardar likita, waɗanda nake kullewa a akwatin ƙarƙashin kanta. Kika ce babu mabuɗi a wurinki. Gaskiya kika faɗa. Mabuɗin yana aljihuna, yana can yana sauraren hirar ƙwallo. Ni mai hankali, mai taka-tsantsan. Na kulle magani na tafi da mabuɗi, na bar ki a buɗe.

Kin kira sunansa, in ji mai aski. Ya ji ta bango. Kin ce, Gajere, ni ce fa. Sai kika ɗaga hannu ki kare fuskarki...

A'a. Ba zan sake bin wurin nan ba. Kwali. Filasta a nan, sirinji a can. Wannan maganin ya kusa lalacewa, a ware shi.

Mai aski ne ya naɗe miki hannu da tawul ɗin askinsa ya kai ki asibiti. Allah ya saka masa. Amma da 'yan sanda suka zo suna tambaya, layin nan kaf ya makance. Mai shago bai gani ba. Mai faci bai gani ba. Shi kansa mai askin cewa ya yi rediyo ya cika masa kunne. Da suka tafi ya zo ya tsaya nan, inda nake zaune yanzu, ya kasa kallona. Ya ce, Likita, ni ma 'ya'ya gare ni, kuma nan zan kwana. Me zan ce masa? Na so in shaƙe shi. Na kuma san da a shagonsa aka yi, ni ma... ni ma wataƙila da lissafin magani ya ɗauke min hankali. Wataƙila. Ban sani ba. Da can na san kaina, ko ina zaton na sani.

Gajere ya ɓace tun ranar. Wasu sun ce ya bar gari, wasu sun ce yana nan bayan kasuwa. Duk saurayin da ya shigo ya sa hannu a aljihu zai ciro kuɗi, sai in ja da baya. Rannan wani ya zo neman maganin ciwon haƙori, kumatu a kumbure, na daka masa tsawa ya tsaya daga waje. Ya kalle ni... kallon da ya yi min har yanzu yana nan. Wane irin mai magani ne ke tsoron marasa lafiya?

Kina can gidan yayarki. Ɗinkin ya warke, in ji su, sai yatsu biyun da ba sa lanƙwasawa. Na ga yadda kike riƙe kofi da hannu biyu kamar ƙaramar yarinya. Na ga yadda kike zaɓen kujerar da ke kallon ƙofa. Murfin tukunya ya faɗi a kicin, kika zabura har shayi ya zube miki a cinya, kika ce ba komai. Da ma kin zage ni. Da ma kin ce, ba na faɗa maka ba? Ko sau ɗaya. Yayarki ta faɗa, ta faɗa da ido, ta faɗa da yadda take dire min ruwa.

Da na zo da albishir, wai ni mai albishir, na ce na samo mana gida a can ɗaya gefen gari, mai katanga, mai maigadi, titi da fitila, kuma akwai ɗan shago a kusa... kika dube ni kika ce, Allah ya sa alheri. Kamar ana ba ki labarin tashin wasu mutane da ba ki sani ba. Za ki zo kuwa? Ban tambaya ba. Na ji tsoron amsar. Rigakafi ya fi magani — a bango na manna shi, da manyan baƙaƙe, ga shi can ban ma cire ba. Kullum ina karanta wa mutane.

Tsaya.

Haske ya ragu a ƙasan ƙofa. Wani ya tsaya.

Ba babur. Ba mai mota ba ne, da na ji inji. Ina sukudireban? Me zan yi da sukudireba? Ƙafafu ne. Silifa, ɗaya an ɗaure igiyarsa da waya. Ƙafafun mace, sun kumbura har idon sawu ya ɓace, fatar tana sheƙi.

Na san ƙafafun nan. Mai wanki ce. Uwar Gajere.

Duk mako takan zo awon hawan jini. Ke kike naɗa mata abin a damtse, kina yi mata faɗan gishiri, tana cewa 'yar nan, in na bar gishiri me ya rage min? Tun ranar ba ta sake takowa ba. Ko ta layin nan ba a ganin ta, sai ta zagaya ta bayan makaranta da ƙullin wankinta a ka.

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Tana tsaye kawai. Ina jin numfashinta, sama-sama, kamar wadda ta hau tudu.

"Likita... kana ciki?"

In na yi shiru za ta tafi. In ban motsa ba...

"Ba magani na zo nema ba. Na ji an ce yau za ka tashi. Na ce in zo in tambayi jikinta... Ban da bakin da zan je can."

Ta zauna. Ina jin bencin waje ya yi ƙara.

Ƙafafun nan ba na wadda ke shan maganinta ba ne. Ya ƙare mata tuni, na sani, ni nake ba ta. In na tafi, kemis mafi kusa sai an tsallaka babban titi, an hau gada mai matakala. Da waɗannan ƙafafun? Ita da su tsohon nan mai ciwon suga, da matar mai faci da ke da ciki... wa zai — a'a, ba ruwana. Ɗanta ne ya yi. Ba ita ta yi ba. Ɗanta ne. Ita ta haife shi. Ni na wanke masa cinya.

Abin awon yana kwalin ƙasa, na riga na ɗaure shi da igiya.

Da ke ce fa? Da ke ce a nan... Na sani ai. Da tuni kin ɗaga mata ƙofar. Kullum da safe sai kin leƙa taga, kin cire 'yan kunne, sannan ki fito ki kama gefe ɗaya na ƙofar nan mu ɗaga tare, ki yi wa duk wanda ya shigo sannu. Shekara da shekaru. Da wannan abin a ƙirjinki, wannan da ya danne ni yanzu. Haka yake ashe? Haka kike ji kullum, kuma kike fitowa? Ni na ɗanɗana shi 'yan makonni kawai, ga ni ina kwashe kanta.

Kuma ni nake kiranki matsoraciya.

Na tashi. Ga ni a bakin ƙofa, na sunkuya, yatsuna sun kama ƙarfen. Sanyi gare shi. Tana tari a waje, ƙasa-ƙasa, kamar mai neman gafarar tarin... Me zan ce mata in na ɗaga? In ce kin samu sauƙi? Kin samu?

Ƙofar nan ba ta taɓa yi min nauyi haka ba. Don ba kya nan ki kama ɗaya gefen ne, ko kuwa... Bari in ɗan ja numfashi tukuna. Kaɗan kawai.