Burodin da Ya Ƙi Bushewa

Tsohon tela ba abin da yake so kamar busasshen burodin da matarsa Iya ke tsomawa cikin ƙwai da madara ta soya. Sai dai ba ta yin sa sai burodi ya bushe ƙamas, don gudun asara. Shi kuma tun suna amarci ya kushe shi a gaban baƙi, ya ce abincin marowata ne. Bakinsa ya ɗaure shi. Sai ya ci yana yatsina fuska, ya miƙa faranti a ƙara masa, wai don kar a zubar.

Ana nan sai matar ɗansu ta sayo wata roba mai murfi.

"Baba, an huta da busasshen burodi. Ko ya kwana biyu a ciki, laushinsa na nan."

"Allah ya yi albarka," in ji shi, kamar wanda ake wa gaisuwar rashi.

Ya sassauta murfin a ɓoye, surukar ta zo wucewa ta danne. Ya ce robar na wari, ta wanke ta tas. Kaskon suyar Iya dai shiru.

Wata rana da matan suka leƙa maƙwabta, ya sunkuci rabin burodi ya shige ɗakin ɗinkinsa. Ya ɗora shi kan keke, ya juyo masa fanka, ya zauna gadi. Bai ji shigowar Iya ba, ta zo aron almakashi.

"Malam, burodin ne ke jin zafi?"

"Tururuwa nake kora."

"Da fanka?"

"Masu taurin kai ne."

Ta danna burodin da ɗan yatsa, ta girgiza kai.

"Haka ɗungurungum sai jibi. Yanka shi ake yi siri-siri, a baza a tire bayan tulu."

Ya zuba mata ido.

"To da ka zaci a gidan da ke cike da yara burodi na kwana da kansa?" Ta ɗauki almakashi da burodin ta fita.

Da safe ƙamshin suya ya cika tsakar gida. Surukar na ta jujjuya robarta tana neman inda ta tsage.

"Yi haƙuri, Baba, ban san yadda aka yi ba. In ɗauke in dafa maka wani abu?"

Ya riƙe farantin gam, ya yatsina fuska.

"Bar shi, 'yata. Kar a zubar."

Iya ta ƙara masa biyu ba tare da ta dube shi ba.