Akwatin Korar Ayu

Mai keken ya tsaya a bakin lungu ya ce nan ne iyakarsa, Ibtisam kuwa ba ta yi masa gardama ba, domin lungun gidan Kawu Sharfaddeen ko babur sai ya yi ladabi yake shiga. Tana sauka ta ga wata farar mota mai lambar Legas ta tare rabin hanya, har masu tura ruwa suna raɓawa suna tsaki. Tun da asuba ta baro Abuja don kada a riga ta, ga shi an riga ta.

Aikinta tantance ƙirƙira. Wata cibiya ce mai zaman kanta da ake aiko wa takardun masu neman a ba su mallakar abin da suka ƙera, ita kuma ta zauna ta bincika ko abin sabo ne da gaske. Ƙa'idar ba ta da wuya. In sabo ne, a ba mai shi takarda, shekara ashirin ba mai ƙera irinsa sai da izininsa. In kuwa an taɓa nuna shi a fili kafin ranar da aka shigar da takardar, to ya zama na kowa, ba mai mallakarsa.

Ranar Laraba aka ajiye mata fayil ɗin wani kamfani na Legas. Na'ura ce ta lantarki da ake ɗaurawa a jirgin ruwa don korar ayu da ire-irensa daga jikin jirgi da raga, ba tare da an kashe su ba. An laƙaba mata wani dogon suna na Turanci, an yi bayani shafi arba'in. Ibtisam tana karantawa tana hamma har ta kai zane na huɗu, a nan hammar ta tsaya. Akwati ne mai girman bulo, da waya biyu da ake saki cikin ruwa, yana sakin wuta bugu bakwai ya huta, makunninsa kuma a gefen hagu, inda ba injiniyan da zai sa shi. Mutum ɗaya ta sani a duniya da ke sa makunni a nan, shi ne ƙanen mahaifiyarta, saboda bahago ne.

Kawu Sharfaddeen ɗan gidan malamai ne a Birnin Zazzau, irin gidan da ake lissafa alƙalai da limamai har kaka na biyar. Shi kaɗai ya karkace ya bi waya. Ya yi shekara goma sha takwas yana aikin wuta a wata madatsar ruwa, can ya ga dorina ta kifar da kwale-kwale da mutum tara a ciki, ya kuma ga yadda masunta ke sassara ayu in ya faɗa musu raga. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya mai da zauren kakanninsa wurin haɗa akwatin nan da batirin babur. Kauce ya sa masa suna. 'Yan'uwansa kuwa suka sa wa shi kansa suna Malam Batir, kuma ba don yabo ba.

Shugabanta ya ce mata fayil ne mai tsabta, masu shi suna sauri, ta sa hannu ranar Litinin. Ta ce akwai abin da za ta duba tukuna, don ta san in zarginta gaskiya ne, masu fayil ɗin ba za su daɗe ba su nemi Kawu. Ya yi mata kallon da ake yi wa ma'aikacin da ya fara manta matsayinsa, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Yanzu da ta ga motar nan a bakin lungu, sai ta bi ta ƙofar baya ta shiga cikin gida. Inna Delu, matar Kawu, tana tsakar gida tana soya wainar baƙi, fuskarta a washe yadda Ibtisam ta daɗe ba ta gani ba. Ko gaisuwa ba su gama ba ta fara ba ta labari. Nasidi ne ya zo, wanda ya yi shekara biyu yana zama a zaure yana koyon haɗa waya, yanzu ya zama babban mutum a Legas. Ya zo da takarda. Za a rubuta sunan Kawu a matsayin wanda ya ƙirƙiro akwatin, da hatimi da komai, a sa a gilashi a rataye.

“Shekara talatin, Ibtisam,” in ji ta, tana juya waina. “Shekara talatin ana ɗaurin aure a gidan nan ba a taɓa cewa ya yi addu'a ba, sai dai in lasifika ta lalace a neme shi. Yau dai Allah ya kawo ranar da za su karanta sunansa.”

Ibtisam ta ji kamar ta koma tasha. Wannan matar ce ta yi mata kitso tun tana firamare bayan rasuwar mahaifiyarta, mijinta kuma shi ya tsaya kai da fata sai ta karanta injiniya lokacin da dangi ke cewa me mace za ta yi da shi. Yanzu ita ce ta zo ta ƙwace musu abin da suka jira. Ta sha ruwa, ta gyara mayafi, ta nufi zaure.

Kawu yana zaune kan buzu, tabarau a karan hanci, takarda a cinyarsa. Tsufa ya rage shi, amma hannayen suna nan da tabon dalma. Nasidi na gefe cikin shadda mai maiƙo, ya naɗe ƙafa kamar ɗalibi na gari. Da ya gan ta sai murmushinsa ya ɗan daskare, don ya san inda take aiki, bai dai san fayil ɗin a teburinta ya sauka ba. Ita ta gaya masa, bayan ta durƙusa ta gai da Kawu, kuma ba ta sassauta murya ba.

Ta nemi izinin ganin takardar, Kawu ya miƙo mata. Shafi biyu ne. Na farko ya yi ta zuba yabo, na biyu ne ke ɗauke da abin da aka zo nema: Kawu ya rantse cewa bai taɓa nuna wa kowa yadda ake haɗa na'urar ba, sirri ce tsakaninsa da kamfani. Ta fassara masa layin nan da Hausa, kalma bayan kalma. Nasidi ya ce ai wannan yaren lauyoyi ne kawai, kowace takarda da irinsa.

“Kawu, bari in faɗa maka abin da zai biyo baya,” ta ce. “In ka sa hannu, sunanka zai hau takarda, wannan gaskiya ne. Amma daga ranar, duk mai gyaran rediyon da ke haɗa Kauce a Yawuri ko Ibi ya zama ɓarawo a idon doka. Masunci ba zai same shi ba sai daga hannun kamfani.”

“In ban sa ba fa?”

“In aka tabbatar ka koya wa mutane a fili kafin su shigar da takardarsu, su ba su samu ba, kai ma ba ka samu ba. Ba sunan kowa.”

Nasidi ya gyara zama ya juya ga Kawu, ya bar ta kamar ba ta wurin. Ya iya magana, wannan kam babu shakka. Ya ce Allah gafarta Malam, waɗancan akwatunan da ake haɗawa a bakin kogi rabinsu ba su da inganci, wata rana sai sun kashe wani. Kamfani zai yi shi da kyau, ya kai shi har teku, har ƙasashen waje. Ya ce shi bai zo cuta ba, da ya so da bai zo ba sam, shi ne ma ya dage a sa sunan Malam. Sannan ya waiwayo ya ce wa Ibtisam, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, cewa a saninsa ofis ba ya aiki da labarin zaure. Hujja ake nema, rubutacciya, mai kwanan wata. Kuma in aka ji mai tantancewa 'yar gidan ce, bai san yadda shugabanta zai ɗauki abin ba.

Ta ce kada ya wahalar da kansa, ita da bakinta za ta faɗa ranar Litinin, ta miƙa fayil ɗin ga wani. Amma ba za ta sa hannu a kan abin da ta san ba sabo ba ne, ko da kujerar za ta tafi. Ta faɗi haka da ƙarfin hali, alhali ta san a kan hujja gaskiyarsa ce. Ba ta da komai sai makunni a hagu.

Can Kawu ya cire tabarau, ya dafa bango ya miƙe, ya jawo wata tsohuwar gafaka daga saman kantar bango, daga tsakanin littattafan kakansa. Littafin da ya fito da shi babban rijista ne mai baƙin bango, duk gefensa ya yi laushi.

Abin da Nasidi ya manta, ko ya raina, shi ne Kawu ya bar karatun gidansu amma bai bar tsarin gidansu ba. A zauren nan, tun zamanin kakanni, ɗalibi ba ya tafiya da littafi sai ya kwafe shi da hannunsa, malam ya duba, sannan a rubuta cewa wane ɗan wane ya karɓa daga wane, ranar kaza, an kuma yi masa izini ya koyar. Haka Kawu ya yi da akwatin batir, ba tare da ya ga wani abin dariya a ciki ba. Shafukan farko zanen Kauce ne dalla-dalla, da bayaninsa cikin ajami. Bayansu sunaye ne, kowanne da rubutun mai shi da garinsu da kwanan wata na Hijira da na Bature. Masu gyaran rediyo, makanikai, wani limami daga Lokoja, mata biyu daga wata makarantar koyon sana'a. Ibtisam ta bi su da yatsa har sittin da uku.

Kawu ya lashi yatsa ya buɗe wani shafi, ya juya littafin ya fuskanci baƙonsa.

“Nasidi, karanta mini na goma sha bakwai. Idona ya yi rauni.”

Nasidi ya dubi shafin ya daɗe. Rubutunsa ne, na shekara shida da suka wuce, har da ɗan adon da yake yi wa ƙarshen sunansa. Bai karanta ba. Ya ce Malam ya yi tunani dai, irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Kawu ya ninke takardar kamfanin gida biyu ya miƙa masa, ya ce ya gai da mutanen Legas, kuma ya tsaya ya karɓi waina, don an riga an soya.

Bayan la'asar zauren ya rage su biyu. Daga cikin gida ba a jin motsin komai, Inna Delu ta shige ɗaki tun da labari ya kai mata, ta ƙi fitowa. Ibtisam ta matso ta ce Kawu ya ba ta littafin, za ta kula da shi kamar ranta, ta sa a yi hotonsa a shigar cikin fayil.

“Ba zan ba ki ba,” ya ce.

Ta ɗago da sauri. Ya mai da littafin cikin gafaka yana ɗaure igiyar a hankali da hannun hagu. Ya ce in ita ta kai, za a ce 'yar gida ce ta zauna ta rubuta, su ɓata littafin su ɓata ta. Shi zai kai da kansa, ya ajiye a gaban shugaban nata, in akwai mai tambaya ya tambaye shi. Mutum sittin da uku ne a ciki, kuma yawancinsu suna da waya.

Ta ga ya kamata ta sake faɗa masa, kada gobe ya ce bai fahimta ba. Ta ce in littafin nan ya shiga ofis, shi ke nan, ba kamfanin kaɗai ya rasa ba. Ko shi ya dawo daga baya ya nema da sunansa, ba za a ba shi ba har abada. Ba hatimi, ba gilashi, ba abin da za a nuna wa 'yan'uwa.

Ya juya yana kallon ƙofar zaure, inda mutane ke wucewa daga masallaci. Wani ɗan baffansa ya leƙo ya ce Malam Batir, fankar masallaci ta tsaya, a duba musu kafin magariba. Kawu ya ce to, ga shi nan zuwa. Sai da takun mutumin ya yi nisa sannan ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“Na so sunan nan, Ibtisam. Wallahi na so shi.”

Idonta ya cika. Shi kuwa ya rataye gafakar a ƙusa, ya ɗauki akwatin kayan aikinsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana laluben takalmi da ƙafa.

“Motar farko ta Abuja,” ya ce, “ƙarfe nawa take tashi?”