Bahar ɗin da Baba Ya'ƙub Yake Nufi

"Wannan ba shi ba ne," in ji Baba Ya'ƙub, bayan ya tsoma yatsa a ruwan ya lasa. "Ɗana, ina gishirin?"

Zubairu ya yi tsuru-tsuru a bakin Kogin Nilu, yana tallabe da tsohon. Shi fa ɗan Katsina ne, karatu ya kawo shi Alƙahira, bai taɓa ganin teku ba. Da maƙwabcin nasa ya ce "kai ni bahar," nan take ya tare taksi, don mutanen nan ko Nilu bahar suke ce masa. Ashe teku tsohon yake nufi. Kai, Zubairu ya ji kunya ba kaɗan ba.

Baba Ya'ƙub Bahaushen Sudan ne, masunci daga wani ɗan gari a gaɓar Bahar Maliya. Wankin ƙoda ya kawo shi unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira, shi da 'yarsa Mahasin, ƙofarsu na kallon ta Zubairu. Tun da aka ce za a rushe tsohuwar tashar jiragen ruwan garinsu a gina ta zamani, don kasuwa ta buɗe matasa su sami aiki, ya hana kowa sakat. Ba aikin yake ƙi ba. Akwai wani dutse da yake ɗaure kwale-kwalensa a jiki tun yana saurayi, so yake ya dafa shi kafin katafila ta kwashe. Likita ya ce tafiya Sudan sam ba ta taso ba. Shi ne ya rage buri: ko wane teku ne, a kai shi ya ɗanɗana.

"Ma'alish, yi haƙuri, Baba. Ranar Juma'a sai mu tafi Suwais, can akwai teku na gaske," in ji Zubairu.

Juma'a ta zo, gari ya hargitse, sojoji suka tsare hanyoyi. Kafin ƙura ta lafa, ƙafafun tsohon sun kumbura, ko daga bene ba ya iya saukowa.

A kan matakala Mahasin ta tsayar da Zubairu, idonta jawur.

"Ya ustaz, ƙanena Ayman ya bugo waya. Khalas, shi ke nan, sun rushe tashar. Shi ma ya sami aiki a wurin, yana ta murna. Don Allah kada Baba ya ji."

Da rana tsaka numfashin tsohon ya canja. Zubairu na zaune a gefen katifa, yana ɗiga masa ruwa a baki da cokali, yana maimaita kalmar shahada a hankali.

"Zubairu, dutsen nan yana nan?"

Me zai ce? Ƙarya ta ƙi fita, gaskiya ta ƙi fita.

"Allah ne masani, Baba."

Tsohon ya yi masa wani dogon kallo, ya kau da kai zuwa bango.

Mahasin ce ta miƙe. Ta hau kujera ta sauko da gwangwanin gishirin da ta ɓoye a saman firij tun ranar da likita ya hana shi, ta barbaɗa a kofin ruwan da Zubairu ke ba shi. Zubairu ya ɗiga masa. Baba Ya'ƙub ya motsa leɓe, ya lumshe ido.

"Yauwa," ya ce.

Bayan ya yi shahada, kafin kiran la'asar, ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta ba wanda ya taɓa kofin. Har yau yana nan a kan taga, ruwan ya ƙafe, sai farin gishiri a gindinsa.